Man Ƙosai a Gatarin Motar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar Alhaji Bukar ta yi ƙamshin ƙosai a hanyar Gadaka ba, kuma mutanen Potiskum ma ba su bar ni na manta ba.

Zamanin sule da fam ne, ina sabon direban Alhaji, dillalin shanu. Motarsa ƙirar Faransa ce mai tsirfa. A gatarinta na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke juya faifan tagulla mai haƙora. Malam Kachalla bakanike ya ja mini kunne: "Yaro, kul ka ba ta man giyar manyan motoci, cinye tagullar zai yi. Nata daga tsiro ake yi, daga zurma."

Ana gobe ɗaurin auren ƙanen Alhaji na tarar man gatarin ya tsiyaye ƙaf. Malam Kachalla ya tafi Jos, man kuma babu shi a duk garin. Alhaji ya ce, "In ango bai isa Gadaka a motar nan ba, ka ajiye mini makullina."

Sai na yi tunani irin na masu basira (har gobe basira nake kiran sa). Zurma tsiro ce. To gyaɗa fa, dutse ce? Na je wurin innata, Ya Falmata mai ƙosai, na ce ta sam mini man gyaɗa. Ba ta tambayi dalili ba, ta miƙo kwalba biyu.

Na ɗura man a gatarin, washegari na ɗauki ango da 'yan rakiya muka kama hanya. Mun yi nisa lafiya lau, ina ta hura hanci. Can sai kawun ango ya ɗaga kai ya ce, "Wai wa yake suya ne?" Na yi kamar ban ji ba. Daga nan gatari ya fara kuka, hayaƙi ya biyo baya. A bakin Gadaka, daidai inda dangin amarya suka fito tarba, mota ta ce ba ta san zancen ba.

Wata tsohuwa ta durƙusa, ta dangwali abin da ke ɗiga, ta lasa.

"Ikon Allah! Har da albasa."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ango ya ƙarasa a bayan keken wani, yana riƙe da babbar riga. Alhaji ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Tun ranar sunana ya koma Mai Ƙosai.

Amma ni dai ban yarda gyaɗa ce ta ci amanata ba. An ce kada in zuba man manyan motoci, na zuba? An ce na tsiro, ban kawo na tsiro ba? Abin da na koya ɗaya ne: in za ka roƙi innarka mai, gaya mata na mota ne. In ba haka ba, wanda ta kwashe daga kasko za ta ba ka.