Shinkafar Leda da Tukunyar Irin Inna

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da shinkafar Habu ba. Shekarar ce da damina ta yi mana rowa, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Ni kuwa sabon ba ni aji ke nan a wata lakwal, wato makarantar boko, nan Matameye, mutane sun fara ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, kaina ya kumbura (biro biyu nake sawa a aljihun gaba, alhali ɗaya ba ya rubutu).

Habu maƙwabcinmu ne. Ya dawo daga cin rani a Ikko, inda ya yi gadin gidan wasu Turawa, da za su tashi suka bar masa katan guda na wata irin shinkafa. Ranar da ya kawo leda ɗaya gidanmu, wallahi duk muka taru a kanta. Leda ce mai sheƙi, a liƙe ruf, in ka latsa sai ka ji laushi. Ya yage bakinta, sai ga shinkafa dafaffiya, fara tas, kowace ƙwaya a ware. An dafa ta a wata ƙasa tun watanni, ta hau jirgin ruwa, ta sha zafin mota tun daga Ikko, amma ba ta yi tsami ba. Mu da tuwonmu ba ya kwana biyu! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa ganin ikon Allah a cikin leda ba sai ran nan.

Habu bai zo don nuna mana abin mamaki kawai ba. Iyalinsa sun cinye irin shukarsu tun yana can, ga damina ta matso. Inna kuwa, mahaifiyata, tana da tukunyar irin gero da ta liƙe da laka ta ɓoye a ƙuryar ɗaki, muna cin ganye da dusa amma ba ta yarda an taɓa ta ba. Shi ne abin da za mu shuka, ba mu da wani. Habu ya ce a ba shi tukunyar, ya ba mu katan ɗin.

Aka miƙo mini ledar in karanta, tunda ni ne mai ilimin gidan. A bayanta akwai ɗan jadawali. Na gyara murya na ce, "Kalori ɗari uku da wani abu."

"Ɗari uku!" in ji Habu. "Mene ne kalori, Mushe?"

"Ƙarfin da ke cikin abinci ke nan."

Abin da ban faɗa ba shi ne, ranar da aka koya mana kalori nawa mutum yake buƙata a yini, ina bayan aji ina gyangyaɗi. Amma ɗari uku ta cika mini kunne. Sai na ci gaba da zuba: irin wannan ne sojoji ke ci, shi ya sa suke yini tsaye a rana da bindiga, leda ɗaya tana riƙe ƙato daga safe har magariba, ba itace, ba daka, ba ruwa. Na ce iri kuwa ai gwamnati za ta raba (ban san wanda ya gaya mini ba).

Inna ta juyo gare ni. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, gobe ne za a yashe rijiyar unguwa. Ka ci leda ɗaya da safe, kada ka ƙara da komai. In ka ja guga tare da maza har la'asar, Habu ya zo ya ɗauki tukunya."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Da safe na cinye ta a tsakar gida, a hankali, kowa na kallo. Daɗi kam ba a magana. Na isa bakin rijiya ina jin kamar in ɗaga jaki. Mutum biyu suna ƙasa suna cika guga da laka, mu muna sama muna ja. Har na riƙa ce wa dattawa su matsa su huta, ni mai kalori ne.

Hantsi bai gama ɗagawa ba cikina ya fara kiran sunana. Na yi banza da shi. Can sai igiya ta yi nauyi, na ga Malam Idi limamin unguwa ya zama mutum biyu. Abin da na sani na ƙarshe shi ne na saki igiya, na ji na ƙasa suna salati, ni kuma na kifa da fuska cikin tulin lakar da muka fitar. Ko azahar ba a kira ba. Allah ya taimaka wasu suka cafke igiyar, da gugan ya sauka a kan mutane.

Na farfaɗo a zauren gidanmu, laka har cikin kunne, iyayen ɗalibaina sun yi mini da'ira. An kira Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani, ya duba ni ya ce yunwa ce kawai. Da aka ba shi labari ya karɓi ledar ya juya ta.

"Mushe, lambar nan gaskiya ce," in ji shi, a gaban kowa. "Amma mai jan guga yana buƙatar fiye da dubu biyu a yini. Kuma dafaffiyar shinkafa yawancinta ruwa ne. In ka auna ɗanyen gero daidai nauyin ledar nan, ya ninka ta ƙarfi har da ƙari."

Wani tsoho ya ce, "Ashe ruwan Turawa Mushe ya so ya saya da iri."

Ina cikin neman inda zan sa fuskata sai ga Inna da ƙwarya. Kunu ne mai kauri, na gero zalla, irin wanda rabonmu da shi tun kaka. Na kafa kai ina sha, ina jin ƙarfi yana sauka har yatsun ƙafa, abin ya fi ledar ba ni mamaki. Sai da na kai rabi na tambayi kaina inda ta samo gero. Na leƙa cikin gida, na hango lakar bakin tukunyar a fashe a ƙasa. Wata bakwai tana tsaron irin nan daga yunwarta, yau ta buɗe shi saboda wautata. Kunyar faɗuwa cikin laka ba ta kai rabin wannan ba.

Da ruwa ya sauka muka yi shuka, irin ya ƙare saura kunya uku a gefen gona. Inna ta hana a nemo wani a cike. Duk daminar, wanda ya wuce ya tambayi dalilin filin nan, sai ta ce, "Nan gonar Mushe ce, ya riga ya shanye amfaninta."

Tun daga nan, in na ga lamba a jikin leda, komai girmanta, nakan fara tambayar nawa ake buƙata kafin in buɗe baki. In kuma ban sani ba, nakan ce ban sani ba, don na gwada ɗaya hanyar, kuma na san ɗanɗanon lakar rijiya.