Kwanar Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da kwanar ƙofar gidan surukina ba, ko da zan manta da duk garuruwan da na taɓa kai wa kaya. Yau furfura ta cika mini gemu a kan sitiyari, amma in na tuna ranar nan sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina sabon direban babbar mota. Na daɗe ina jan ƙaramar motar haya tsakanin Magaria da Dungass, har Allah ya sa na samu permi, wato lasisin tuƙin manyan motoci, wani Alhaji mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ɗauke ni aiki. Motar doguwa ce, kai daban, remok (wato tirelar da kan ke ja) daban, irin wadda in ka hau kujerarta sai ka riƙa hango mutane can ƙasa. (Tun ranar da na hau ta na daina gaida mutane da baki, sai da hon.)

A shekarar ne aka sa mini rana da Rabi, wadda yanzu ita ce uwar ƴaƴana. Ƙauyensu yana gefen hanya kaɗan in ka baro Waca. Mahaifinta, Malam Ilu, dattijo ne mai natsuwa, ba ya dariya a banza, kuma ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Abin da ke damuna shi ne, duk ƙauyen sun san ni da tsohuwar motar da sai an tura take tashi.

Bayan kaka aka aike ni Waca in ɗauko wake in kai Magaria. Mai kayan ya haɗa ni da ƙanensa, Malam Hamisu, don ya raka buhunan. Da muka iso mararrabar ƙauyen su Rabi sai na ji hannuna ya karya sitiyari da kansa.

Malam Hamisu ya ce, "Direba, hanyar Magaria ba nan ba ce."

Na ce, "Gaisuwa zan yi, Malam. Ko injin ba zan kashe ba."

Ya dubi hanyar, ya dube ni, ya ce, "Lungunan garin nan don amalanke aka yi su."

Na yi murmushi irin na wanda ya san aikinsa.

Shigarmu ke da wuya gari ya ɗauka. Mata suna leƙowa ta kan darni, awaki suna tsere, dattawan da ke gindin bedi suka miƙe don su ga wane ne. Na fito da gwiwar hannu ta taga, ina latsa hon a hankali. Niyyata in zagaya ta kusurwar gidan Malam Ilu, in tsaya daidai ƙofar zaure, in diro kamar wani komanda.

Kwanar matsattsiya ce. Hagu katangar masallaci, dama darnin gidan surukina. Da mai hankali ne, da ya buɗe sosai ya bar kan motar ya yi nisa kafin ya karya, idonsa a kan madubi. Ni kuwa na karya ta kamar yadda na saba karya ƙaramar motata. Kai ya wuce sumul, ko kara bai taɓa ba. Sai ga Rabi ta fito daga gidan maƙwabta da tulu a ka. To, daga nan ban ƙara sanin akwai wani abu wai shi madubi ba.

Na ga mutane suna ɗaga mini hannu bibbiyu. Ni ma na saki sitiyari na ɗaga musu. (Na ɗauka murna ce. Har a raina nake cewa mutanen garin nan akwai karamci.)

Sai na ji wani ƙaras-ƙaras daga baya, Malam Hamisu ya dafa kafaɗata ya ce, "Taka birki, ɗan nan."

Na taka, na diro, na zagaya baya. Remok bai bi sawun kai ba, ya yanke kwanar, ƙugiyar igiyar kaya ta kama zanar da ke kusurwar gidan, ta tuge ta har da dirakunta, ta ja ta zuwa tsakiyar hanya. Kusurwar nan kuwa makewayi ce. A ciki, wato a inda ɗazu ake kira ciki, ga Malam Ilu zaune a kan ƴar kujera, daga shi sai gajeren wando, kansa fari fat da kumfar sabulu, ƙwarya a hannu. Yana wankan tafiya sallar Juma'a.

Ranar ce muka fara haɗa ido da shi.

Mata suka janye kawunansu, dattawa suka shiga kallon sama, Rabi ta ajiye tulu ta koma inda ta fito. Ni dai ban san lokacin da na durƙusa a cikin rairayi ba. Kuma da yake baki ba ya shawara da mai shi, abin da ya fito mini shi ne, "Baba, barka da wanka."

Malam Ilu ya ɗebi ruwa ya wanke fuskarsa, bai yi gaggawa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki mayafinsa ya yafa. Sannan ya ce, "Barka kadai. An zo lafiya?"

Ya shige ɗaki ya bar ni a durƙushe, ina lissafin cewa aure ya tafi, aiki ma zai bi shi.

Ga mota kuma ta maƙale. In na yi gaba, remok zai kwashe sauran darnin. In na yi baya, kai zai daki masallaci. Mazan gari suka kewaye ni, wannan ya ce karya dama, wancan ya ce hagu, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Muna cikin haka Malam Ilu ya fito da farar riga da hula, yana ƙamshin turare. Ya dubi motar tun daga kai har wutsiya, ya ce wa samari, "Ku cire sauran darnin ya wuce. Abin da ake ɓoyewa ai an riga an gani."

A nan dariyar da kowa ke dannewa ta ɓalle, har liman sai da ya dafa bango.

Na kai wake Magaria, Malam Hamisu kuma (Allah ya saka masa da alheri) bai faɗa wa Alhaji komai ba. Washegari na dawo a kan babur ɗin aro da sababbin zana da diraku, na wuni ina kafa makewayi, yara da manya suna ba ni shawara. Rabi ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Da ta huce cewa ta yi, "Da ƙafa ka zo ma ai zan fito."

Ba a fasa auren ba. Malam Ilu bai taɓa tayar mini da zancen ba har Allah ya karɓi ransa. Sai bayan rasuwarsa surukata ta gaya mini cewa duk ranar da aka ce ina tafe, yakan dubi bokiti ya ce, "A ba ni ruwa in yi wanka tun bai iso ba."

Ina kewar dattijon nan. Abin da na koya kuwa, wanda nake gaya wa duk sabon direba, shi ne: wucewar kai ba ita ce wucewar mota ba, ka jira wutsiya. Gidan surukai kuma, ka ajiye motar a bakin gari ka ƙarasa da ƙafa.