Ranar da Barden Dalma Ya Yi Furfura

"...lafiya ƙalau muka iso, sai dai ganin ka da na yi yanzu ya dawo min da gajiyar hanya."

"Ai dole. Idon da ya saba da hayaƙin Johannesburg, in ya ga kyakkyawa sai ya yi yaji. Ya Gwaggo?"

"Tana gaida mutanen kirki. Kai ba ta ba ni saƙonka ba."

Da wannan gaisuwar Nokwazi da Bhekani suka cika min gareji ranar Asabar da hantsi. Taubasai ne, mzala kamar yadda muke faɗa a nan Umlazi, gefen birnin Durban. Ita 'yar gwaggo, shi ɗan kawu, kuma tun suna rarrafe ba a taɓa jin ɗaya ya faɗi alherin ɗaya ba. Garejin nawa ne, amma mota ta daɗe da barin sa. Teburin yaƙi ne a ciki, inda muke jera 'yan sojojinmu da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, mu auna tafiyarsu da tef, mu jefa 'ya'yan ludo mu ga wa zai mutu. Wanda ya koya mana wannan haukan shi ne Baba Shezi, mahaifin Bhekani, kuma washegari za mu yi masa bikin cika shekara saba'in da babban yaƙi a kan teburin.

Ga inda gizo yake saƙar. Tsohon yana da wani barde na dalma bisa doki, wanda wani matuƙin jirgin ruwa ya ba shi tun yana aiki a tashar jirage. Shekara da shekaru barden na kwance cikin gwangwanin taba babu fenti, tsoho yana cewa sai ya sami hannun da ya isa. Da hannun ya samu, sai ya zama na Nokwazi. Ɗan cikinsa kuwa cewa aka yi, "Kai ka yi mana ƙasa." Bhekani ya yi ƙasar, tudu guda da kwari da rafi, amma abin ya tsaya masa a maƙogwaro, kuma ban ga laifinsa ba. Ni kaina da aka tsallake ni ban ji daɗi ba, ko da yake sojojina har yau tsirara suke, buroshi bai taɓa jikinsu ba.

"Ina aikena?" in ji Nokwazi, ta miƙa hannu. "Ko ka sha nono da kuɗin?"

Bhekani ya zaro gwangwanin man feshi daga leda, irin wanda ake fesa wa soja bayan fenti don kada hannu ya goge shi. Ya ɗaga shi sama inda ba za ta kai ba.

"Mota biyu na shiga saboda wannan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ne kai Baba asibiti, ni ne sayen magani, ni ne aiken gimbiya. Ke kuwa sau ɗaya a shekara ki diro da jakar turare, a yanka miki kaza."

"Kazar ce ta tsone maka ido?"

"Ni da nake gidan, wuya da ƙafafu ake ba ni!"

"An duba kama ne aka raba. Miƙo min kayana, mai tsintar bola."

"Wa ke tsintar bola?"

"Wannan tudun naka da me ka yi shi? Ba farin soson kwalin firiji ba ne? Ciyawar ba ganyen shayin da aka sha aka zubar ba ne? Yashin kuma na bakin teku, da ka cika safa ka sato. An ce min yanzu in maƙwabta za su zubar da shara sai sun leƙa ko kana kusa."

"Ƙasa ce dai. Sojan naki a iska zai tsaya? Fito da shi mu gani, an ce kin yi wata uku kina lasar buroshi a kansa har harshenki ya koma shuɗi."

Ta buɗe gwangwanin taba a hankali, ta yaye audugar. Gaskiya ɗaya ce, sai da na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Alkyabbar barden ja ce mai duhu a cikin naɗi, mai haske a kafaɗa, kamar rana na dukanta. Dokin har jijiyar wuyansa ana gani. Ido kuwa, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ta sa masa fari da baƙi har da ɗigon ƙyalli. Bhekani ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Hararagarke ne," ya ce. "Ido ɗaya na kallon Durban, ɗaya na kallon Maputo."

"Ɗayan kai yake nema, don ya ji an ce akwai wani ɗan gidan da aka tsallake."

"Dokin ma kamar jakin da ya ci bashi."

"Hassada ga mai rabo taki ce, mzala. Zuba, ina tsiro."

"Ni in yi hassadar wannan? In na so, da ƙafar hagu zan yi wanda ya fi shi."

"Ai mun ga naka. Wancan sojan da ka yi wa fenti bara, Kawu ya ɗauka alewa ce aka tauna aka tofar."

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce. Ya ajiye mata gwangwanin feshin a kan teburi da ƙarfi har 'yan bishiyoyin da aka yi da waya suka girgiza. Ta ɗauka tana kaɗawa, ƙwallon ciki na ƙara, ta nufi ƙofa da barden a kan guntun kwali. Ranar kuwa irin ranakun nan namu ne na Durban da hadari ya ƙi zuba ya ƙi tafiya, riga ta manne a baya, bangon gareji ma yana gumi.

"Kada ki fesa yau," in ji Bhekani.

"Saboda me?"

"Iska jiƙe take. Nan ba Johannesburg ɗinku ba ce da wanki ke bushewa kafin a gama shanya. In kika fesa cikin wannan laimar, fari zai yi fat."

"Ayyo! Yau kuma boka ka zama?"

"Baƙo ko da ido makaho ne. Na faɗa miki."

"Kai ne fa ka ce min in jiƙa sojojina na roba a fetur tsohon fenti ya fita. Da safe na tarar da danƙo."

"Wannan yarinta ce."

"Kai ne ka ce min Kawu ya fi son shuɗi, alhali ja ya ce. So kake gobe a yi ta damƙar sa da hannun maiƙo, fentin ya goge, ka sami abin dariya. Yaya Zweli, tsakani da Allah, gaskiya yake faɗa?"

Ni ta tambaya. To ni da ban taɓa kai soja ko ɗaya matakin feshi ba, me zan ce? Na ce mata ni dai mai gareji ne.

"Ka ji ko? Ba ka da shaida."

"Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Ta fita bakin ƙofa, ta miƙa hannu, ta fesa. Fuu, fuu, dama da hagu, irin na gwanaye. Ta juyo tana yi masa gwalo. Barden ya yi sheƙi na ɗan lokaci, sannan muna kallo wani hazo ya fara hawa alkyabbar. Jan ya dushe. Dokin ya koma kamar an tsoma shi a garin masara. Idon nan da ta ƙare ƙuruciyarta a kansa ya rufe ruf.

"Kai!" Bhekani ya tafa hannu. "Barde ya yi furfura! Shi ma saba'in ɗin ya cika? Yaya Zweli, kawo masa sanda!"

Ya jira ta rama. Ba ta rama ba. Ta zauna a kan akwatin lemo da barden a tafin hannunta, ta zuba masa ido, sai hawaye. Abin bai yi min daɗin gani ba. Dariyar Bhekani ta mutu a bakinsa.

"Ka ci," ta ce. "Je ka yi rawa."

"Haba mzala..."

"Da ma me na ci? Jiya da na iso na sa masa shi a hannu. Ya kai shi dab da hanci, ya juya, ya ce, 'Ya yi kyau, 'yata.' Ta baya ya riƙe shi, Bhekani. Wutsiyar dokin yake yaba wa. Ba wanda ya gaya min idonsa ya tafi haka."

"Ya hana a faɗa."

"Sannan ya sa na rako shi nan, wai zai duba ƙasa. Ya ɗora hannu a kan tudun nan naka na bola, yana shafawa, yana shafawa. Ya ce, 'Wannan ai dutsen garinmu ne. Ga inda muke kiwo. Ga mashayar shanu. Yaron nan har tsagin da na karye a ciki ya sa.' Ya yi ta magana har shayinsa ya huce, ni ina tsaye da bardena kamar mai talla. Kai kana kishin gwangwanin taba, ni ina kishin ganyen shayi. Aikina na ido ne, kuma idon da na yi dominsa babu shi."

Bhekani ya juya mana baya, ya kama gyaran wata bishiyar da ba abin da ya same ta. Da ya juyo, sai ya sa hannu a ledar nan ya fito da wata 'yar kwalba.

"Share majinar, kada ki ɗiga min a rafi. Wannan man na shafawa ne da buroshi, mai sheƙi. Ki bi shi da shi a hankali, farin zai narke, kalar ta dawo."

"Ƙarya kake."

"Gani ya kori ji."

Ta tsoma bakin buroshi, ta taɓa gefen alkyabbar. Jan ya fito kamar an buɗe taga. Ta bi kafaɗa, ta bi wuyan doki, ta zo kan ido ta riƙe numfashi. Barde ya buɗe ido.

"Yaushe ka sayi wannan?"

"Tare da gwangwanin feshin. Na san zan ce kada ki fesa, na kuma san wadda zan faɗa wa."

"Mugu! Da ka fito da ita tun farko ai da na yarda."

"In rasa ganin kukan gimbiya? Mota biyu fa na shiga."

Ta ɗaga buroshi za ta shafa masa a hanci, ya goce. Da man ya sha iska, ya ce ta kawo barden. Ta ƙi. Ya ce to ta ɗora shi da kanta a ƙololuwar tudun, kan wani faffaɗan dutse da ya sassaƙa. Ta ɗora. A tsakiyar dutsen akwai ɗan rami mai zagaye da ban taɓa lura da shi ba, gindin barden ya faɗa ciki daram, ko motsi ba ya yi.

"Wannan ramin fa?"

"Zaizayar ƙasa ce."

"Bhekani."

"Ranar da Baba ya ce ke zai ba, na wuni ina zagin ki. Da na gaji, na saci gwangwanin tabar na auna gindin barden. In hannun Baba ya hau dutsen garinsu gobe, a ƙarshen hawan me zai tarar? Ba sai ya gan shi ba."

Nokwazi ta sake duban barden a raminsa. Sannan ta ja hanci, ta tura masa gwangwanin tabar, wanda tun yana yaro ake buge masa hannu in ya taɓa.

"Riƙe. Barde ya sami gida, ba ya bukatar sa. Gobe kuma kai za ka kama hannun Kawu ka kai shi sama, kai ka san hanyar."

"Wato kin yarda ƙasa ta fi soja?"

"Na yarda bola ta yi rana."

"Faɗi da ƙarfi, Yaya Zweli bai ji ba."

"Na ce ka ci, mai tsintar bola!" Ta fashe da dariya tana share ido da bayan hannu. "Gobe cinyar kazar taka ce. Guda ɗaya fa."

Bhekani ya sa gwangwanin a aljihun ƙirji ya danne shi da tafin hannu.

"Guda ɗaya ta isa," ya ce. "Amma a gabanki zan ci."