Ranar da Na Watsa Kasuwar Shanu Saboda Taki

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka kawo jirgi marar matuƙi ofishinmu na agajin gaggawa ba. Ɗan mitsitsi ne, amma yana ɗauke da na'urar da ke gano iskar guba tun daga sama, ta nuna ja a allo kafin ma'aikaci ya kai kansa haɗari. Shugabanmu, Oga Bitrus, ya ce wanda ya fi iya sarrafa shi a gwaji shi zai riƙe shi. Ni kuwa na ƙwallafa rai (har hoto na ɗauka da shi na tura wa budurwata).

Ranar gwajina muka je kasuwar Dei-Dei. Jirgi na tashi sai allo ya yi jawur a bayan kara, inda ake sayar da shanu. Iskar amoniya ce. Wallahi murna ta kama ni, na ce yau ranata ce.

"Oga, guba na yoyo, mutane za su mutu!"

"Tsaya mu tambayi 'yan kasuwa tukuna," in ji shi.

Ina, tuni na zura rigar kariya, na rufe fuska ruf, na kunna jiniya. Na faɗa kara da lasifika ina cewa kowa ya yi ta kansa. Dillalai suka watse, mai shayi ya bar tukunya a wuta, wani bijimi ya tsinke igiya ya yi titi.

Na bi jan nan ina taku kamar jarumin fim, har na iso gindinsa. Tulin kashin shanu ne jiƙe da fitsari, wasu manoma na loda shi a tifa za su kai gona. Wata dattijuwa a cikinsu ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ɗana, kai ma taki kake so? To bi layi."

Na cire abin fuska, warin ya doke ni. Warin gidanmu ne sak, domin ni na taso ina share turken shanun babanmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Oga Bitrus bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na'ura ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka yi gaggawa." Ya miƙa wa abokiyar aikina Rifkatu jirgin, ni kuma ya ce in je in taya mai bijimi nema.

Yanzu ko allo ya kama da wuta sai na tambayi abin da ke ƙasa kafin in taɓa jiniya. Sai dai darasin ya zo a makare: har budurwar tawa Injiniya Taki take kirana.