Yatsan Matata da Kuka Wanke

Zuwa ga Mai Girma, Sarkin Tsabta, Shugaban Kamfanin Fina-finan Zane na Farin Zakara, can saman bene, birnin Tokyo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya rusuna har ƙugunsa ya riƙe, ni ne Tomezo Kumagai, tsohon masunci daga wani ƙauyen bakin teku da motar kamfaninku ta manta hanyarsa. Ban yi karatu ba, teku ce ta raine ni. In ka ga harafi ya karkace ka bar shi haka, kada ka sa a gyara.

Na rubuto ne in taya ku murnar sake fitar da tsohon fim ɗinku, na kaguwar nan mai yawo da lema, a sabon faifai. A jikin kwalin kun ce kun wanke shi tas, ba ƙura ba tabo. Sannunku da wanki. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Wataƙila ba a gaya maka ba, don lokacin ana goyonka: ba a ofishinku aka shafa wa fim ɗin nan launi ba. Mota ce ke kawo fallayen roba ƙauye, matan aure su zauna a gida suna cike zanen da fenti, falle bayan falle. Matata Fusae na cikinsu. Sararin samaniyar da kaguwarku ke taƙama a ƙarƙashinsa, a kan teburin cin abincina aka yi shi. Hunturu guda a tsaye na ci shinkafata. In na matso sai ta ce, "Kai maigida, ja can da ƙarnin kifinka, kada ka ɓata mini gajimare!"

Na biyu. A ƙarshen fim sunaye suna ta hawa: shugaba, mataimakin shugaba, mai riƙe wa shugaba jaka. Na Fusae babu. Ba mu yi ƙorafi ba, don ta riga ta sa hannu da kanta. Wata rana ta tashi daga suyar kifi ta koma kan aiki, shatin babban yatsanta ya zauna raɗau a kusurwar sama ta hagu, daidai inda kaguwa ke buɗe lema. Cikin ƙiftawar ido yake wucewa. Da fim ya fito a kaset, ba wanda ba ta jawo cikin gidan nan ba, har mai kawo wasiƙu. "Ga ni can! Kun gan ni? Mayar baya, maigida, wannan bai gani ba!"

Na uku. Fusae ta rasu. Duk shekara, lokacin bikin da matattu ke ziyartar gida, mutane na kunna fitilu, ni kuwa kaset nake sawa. In tsayar da hoton daidai wurin, in zuba mata shayi, mu zauna. Ashe kaset ba ya son tsayuwa. Genzo mai gyaran rediyo ya duba ya ce, "Tome, kallonka ne ke cinye shi. Ka ci gaba, wata rana yatsan zai tafi ya bar ka da yayyafi a talabijin." Yanzu ma sai na matse ido nake ganinsa.

Na huɗu. Shi ya sa da na ji labarin faifanku na yi murna kamar yaro. Ba a sayar da shi a kanti, sai ta waya, sai wanda ya riga, kamar rabon magani. Surukata Mitsue ce ta yi ta latse-latse har ta samo. Aka kawo kwali ya fi akwatin kifina girma: matashin kai mai siffar kaguwa, ƙaramar lema da ko kyanwa ba za ta rufe ba, da littafi mai hotonka kana murmushi. Na sayi sabon injin kallon faifai. Na tara maƙwabta. Kaguwa ta buɗe lema, sama fes, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a ƙarƙashinta ba.

Ranka ya daɗe, wa ya kawo ƙarar yatsan nan? Ya taɓa tsone wa wani yaro ido? Ko shi ya hana ku barci shekara da shekaru?

Na biyar. Na buga wayar kamfaninku. Wata yarinya mai zaƙin murya ta yi ta ba ni haƙuri har na fara tausaya mata, sannan ta ce za a aiko mini da wani faifan, irin wancan sak. Madalla da wannan karamci. Wanki biyu ke nan.

Ba suna nake roƙo ba, ba kuma lada ba. Mitsue ta ce irinku ba sa zubar da komai, fim ɗin na asali yana nan a ma'ajiyarku da dattinsa. To shi nake so. Kwafi ɗaya tak, ba matashi, ba lema, ba murmushinka, kafin bikin bana. Kaset ɗina na naɗe shi a rigar Fusae na ajiye, ba zan ƙara sa shi ba, don ba ni zan ƙarasa muku aikin da kuka fara ba. In ta zo bana ta tarar da talabijin a kashe, zan ba ta adireshinka.

Naka mai biyayya har goshi ya taɓa tabarma,

Tomezo Kumagai

Hatimina ya ɓata, don haka na dangwala yatsa. Baƙin da ka gani a ƙasan takardar nan ba datti ba ne, ni ne. A sanar da mai wanki.