Rasuwar Gwaggo, Tukunyar Tururi ta Ɗakin Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da toka, tsohon mai hura wuta na kamfanin wanki, wanda aka fi sani da Baba Gawayi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, babbar tukunyar tururi da ke ɗakin baya. Ta cika ranar Talata da hantsi, hannunsa na kan murfinta, bayan ofis ya ba da umarnin a daina ba ta abinci.

Marigayiya ta riga kowa zuwa kamfanin. Manajan yanzu ma a goye yake lokacin da aka girka ta. Kwal kaɗai take ci, ba ta kuma taɓa raina shi ba. Da tururinta aka wanke zannuwan asibiti da na otal, na haihuwa da na mutuwa, duk ta fitar da su fes ba ta tambayi na wane ne ba. Da sassafe takan yi gyaran murya, "guf, guf", sannan ta ja dogon tsaki, "tsssss", kamar tsohuwar da aka taka wa tabarma. Baba Gawayi ya shaida cewa ya taɓa ganin raƙumi mai ƙafa biyar a cikin hayaƙinta, wata rana kuma ya ga fuskar mahaifinsa. An yi masa dariya, bai janye ba har yau.

Ciwon ajali ya fara ranar da wata injiniya ta hau rufi, ta zura ma'auni a bututun hayaƙi kamar mai auna zazzaɓi. Da ta sauko ta ce numfashin Gwaggo na cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Baba Gawayi bai musa ba. Karatunsa bai kai can ba, kuma ya san tarin da ya kashe Dogo, abokin hura wutarsa, ba daga sama ya faɗo ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "'Yata, ita ba ta sani ba."

Daga nan kamfani ya shiga gyara kansa. Aka sa fitilu masu mutuwa da kansu in ba kowa a ɗaki, aka shimfiɗa faifan sola a kan rufi, aka kawo fararen injunan lantarki marasa murya. Ita kuwa aka yi ta rage mata kwal har tsakin nan ya koma nishi.

Ta rasu ta bar shebur biyu, ɗaya ba ƙota, da mage mai kwana a jikin bangonta, da masu guga da ke ɗumama abincinsu a kafaɗarta. Ta bar Baba Gawayi, wanda a faɗi gaskiya ba a kore shi ba: an ba shi farar riga da aikin ninke tawul.

Ta kuma bar matarsa, wadda ciwon mantuwa ya kama. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta hanyar banɗaki, ba ta karɓar abinci sai daga hannun mijinta. Ashe ba fuskarsa ta riƙe ba. Kullum ya shigo da ƙaurin hayaƙi sai ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Wanke wannan baƙin kafin ka taɓa min gado." Ranar Laraba ya shigo tsaf yana ƙanshin sabulu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da 'yarsu, "Gaya wa baƙon nan maigidan bai dawo ba." Tun ranar ruwa kawai take sha. 'Yar ta ce, "Amma Baba, tarin Inna ya ragu fa." Wannan ma gaskiya ne.

Baba Gawayi ya tambayi liman ko ana yi wa ƙarfe addu'a, an ce masa a'a, don haka ba za a yi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ranar Asabar su yanka ta gunduwa-gunduwa, domin a kanta aka gina ɗakin, ba ƙofar da za ta fitar da ita ɗungurungum. Za a karɓi gaisuwa a bakin ɗakin baya.

Iyalan mamaciya na da roƙo ɗaya: kada a wanke bututun hayaƙin kafin Baba Gawayi ya iso. Zai zo da buhu ya kankare baƙin hayaƙin da ya rage a ciki, duk yamma ya riƙa shafa kaɗan a wuyan riga kafin ya yi sallama a gida. Zai yi tattali. Bai dai san wanda zai riga ƙarewa ba, buhun ko matar tasa.