Mun Kai Ƙololuwa, Famfo Bai Biyo Mu Ba

Jiya Laraba na yi asarar wuni guda, kuma da ƙafata na kai kaina. Na rufe shagona a Adjamé Liberté, na shiga tasin woro-woro a Roxy, aka matse mu kamar kifin gwangwani har Treichville, wai an gayyaci 'yan unguwarmu taron sanin buƙatun ɗan Adam. Ni dai buƙata ɗaya na sani: sati uku ke nan famfon gidanmu ko tari bai yi ba. Maƙwabciyata Iya Zuhura mai koko ta kife tukunyarta, tunda ba a dama koko da alkawari. Tare muka tafi, takardar kokenmu na ƙulle a bakin zaninta.

Mai Girma Sarkin Taro, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya zana dala a allo. Ya ce masana sun gano buƙatun mutum hawa-hawa ne. Ci da sha a ƙasa, sai tsaro, sai zumunci, sai mutunci, can ƙololuwa kuma mutum ya gano baiwar da ke cikinsa. Ba a taka na sama sai na ƙasa ya samu. Na ce a raina, wannan ai kakata ta san shi ba ta shiga aji ba: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai ya yi mana albishir. Binciken ofishinsa ya nuna Hausawan Liberté sun gama da hawa huɗu, mun kai ƙololuwa. Don haka an cire mu daga jerin masu jiran gyaran bututu, za a buɗe mana ajin gano kai duk Asabar. Har tafi aka yi.

Ga yadda muka haƙa wa kanmu ramin. Sati biyu da suka wuce wasu 'yan mata biyu sun bi gida-gida da takardu. Yaya abinci? Alhamdulillahi. Akwai matsala? Babu komai, sai godiya. To wane Bahaushe ne zai dubi idon baƙo ya ce masa yana cikin wani hali? Abin da ya ƙarasa mu kuwa, duk gidan da suka shiga sai an tare su da ruwa kafin a gaisa. Suka rubuta: ruwa wadatacce, har kyautarsa suke yi.

Iya Zuhura ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, kofin da na ba yarinyar nan, shi ne ƙarshen ruwan da ke cikin bidon ɗina. Tun daga Saint-Michel na ɗauko shi a ka."

Mai Girma ya yi murmushi, ya kurɓi ruwan gora mai sanyi.

"Voilà, Maman. Ki ba da na ƙarshe? Ai wannan shi ne halin wanda ya kai ƙololuwa. Kin tabbatar da bincikenmu."

Takardar koke kuma ya ce a kai wa kwamitin hawan ƙasa, wanda yanzu ba ma cikinsa. Wallahi raina ya ɓaci, har na kasa cin biskit ɗin da suka raba.

A hanyar dawowa na ce mata, "Iya, in 'yan matan nan suka sake zuwa a kai su gaban famfon su gaisa da shi. Kada a ba su ko ɗigo."

Muka hau gada, ruwa shimfiɗe dama da hagu, ba na sha ba. Sannan ta ce, "Abdurrashid, baƙo ya shigo gidana ya fita da ƙishi? In na haɗu da uwata a lahira me zan ce mata?"

Na san ni ma in suka ƙwanƙwasa ƙofata gobe sai na miƙa kofin, in kuma ce Alhamdulillahi. Tukunyar koko na nan a kife.

Af, na manta. A takardar gayyatar ajin Asabar an rubuta kowa ya zo da ruwan shansa.